Fashin baƙi: Dokar kullen korona da wuraren gini a Abuja, wa ta kare, wa ta kayar?

Shin da gaske sai da aka tsayar da aikin gini kafin a iya shawo kan korona a Abuja? Idan kuma wata annobar ta sake ɓullowa, haka za a maimaita? Duk lokacin da rediyo ya kawo labarin ƙyandar biri ko Ebola a wata ƙasa, sai wannan muhawara ta dawo sabuwa fil a mazaunar birkiloli, da kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, har da majalisar 'yan kwangila. Ta ƙara zafi bayan da ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba a watan Mayun 2025, aka yi ta yaɗa cewa an ba hukumar ikon kulle ƙasashe, alhali yarjejeniyar da kanta ta ce ba ta ba ta wannan iko ba.

Masu cewa zalunci aka yi wa talaka da masu cewa rai aka ceta, duka suna cakuɗa abubuwa uku wuri guda: abin da doka ta ce a takarda, yadda aka aiwatar da ita a kan titi, da kuma karayar kuɗi da ta zo a lokaci guda. Sai an raba su kafin a gane inda gizo ke saƙar.

Abin da dokar ta ce

An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Legas. Ranar 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi, ya ce daga ƙarfe 11 na daren Litinin 30 ga wata kowa ya zauna a gida a Abuja da Legas da Ogun na kwana 14. Ya dogara ne da Dokar Killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari. An ƙara wa'adin a ranar 13 ga Afrilu, aka kuma ja shi har zuwa 4 ga Mayu. Kulle na sosai, ke nan, mako biyar ya yi.

Jawabin ya lissafa waɗanda aka ɗauke wa: asibitoci da masu haɗa magunguna, masu sarrafa abinci da sayar da shi, gidajen mai, kamfanonin wutar lantarki, kamfanonin tsaro masu zaman kansu, 'yan jarida da ma'aikatan sadarwa. Babu magina a ciki. Ba wai an fito an ce "an haramta gini" ba ne. An hana mutum fita, wanda kuma ba ya cikin jerin, aikinsa ya tsaya.

Daga 4 ga Mayu aka fara sassautawa. Wuraren aiki suka buɗe na 'yan sa'o'i bisa sharaɗin sa takunkumi, wanke hannu, auna zafin jiki da ba da tazara. Aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Sai dai an bar haramcin tafiya tsakanin jihohi, in ban da motocin kaya, har zuwa 1 ga Yuli. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi cizon maginan Abuja, zan dawo kansa.

Wuraren gini ba iri ɗaya ba ne

A Abuja akwai sayit na babban kamfani, mai shinge da ƙofa ɗaya, da motocin ɗaukar ma'aikata, da ɗakin shan magani, da jami'in kula da lafiyar ma'aikata. Akwai na ɗan kwangila matsakaici mai gina rukunin gidaje a Lugbe ko Lokogoma ko Karsana, wanda ma'aikatansa na dindindin ba su wuce injiniya da foman da maigadi ba, sauran duk jinga ce. Sannan akwai mafi yawa: ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa da ke gina ɗaki uku a Kuje ko Bwari ko Karshi, in albashi ya shigo a sayi bulo ɗari biyu, a kira birkila ɗaya da leburori biyu.

Doka ɗaya aka shimfiɗa wa ukun. Amma na farko yana da lauya da takardar izini da lambar wayar wanda zai kira. Shi ya sa manyan ayyuka ba su daɗe a tsaye ba. A tsakiyar kullen ma an yi aiki, domin magina ne suka mayar da zauren taro na ThisDay Dome da wani gini a Idu cibiyoyin killace marasa lafiya. Ranar 8 ga Afrilu tawagar 'yan China 15 da aka ce ma'aikatan lafiya ne ta sauka a filin jirgin Abuja ta hannun kamfanin gine-gine na CCECC, aka yi ta cece-kuce a kansu, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce ba baƙin gwamnati ba ne, na kamfanin ne. Ranar 30 ga Yuni, ana sauran kwana ɗaya a buɗe iyakokin jihohi, shugaban ƙasa ya ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ta bidiyo. Mai ɗaki uku a Kuje kuwa, wanda ma'aikatansa uku ne rak a fili fetal, shi ne ba shi da wanda zai faɗa wa.

Ina haɗarin yake a zahiri?

Korona cuta ce ta numfashi. Tana yaɗuwa ne sosai inda mutane suka cunkushe a rufaffen wuri, iska ba ta zagayawa, suka kuma daɗe tare. A fili, inda iska ke kaɗawa, haɗarin ya ragu ƙwarai. Birkilan da ke jera bulo a saman katanga, yaronsa na miƙo masa kwaɓi, ya fi ma'aikacin banki da ke cikin na'urar sanyaya ɗaki samun sauƙi.

Ba duk aikin gini ne haka ba. Wanda ya taɓa ganin ranar zuba dekin, wato kankaren rufin bene, ya san maganar tazarar mita biyu wasa ce kawai. Tun asuba mikisa, injin kwaɓa kankare, ke ruri. Masu shebur na loda yashi da tsakuwa, wani na farke buhun siminti ƙura na tashi, ga layin maza da mata a kan tsanin katako, kwano a ka, mai hawa na gogar kafaɗar mai saukowa. Foman na sama yana ihu a yi sauri kada kankare ya fara kamawa. Takunkumin yadi a irin wannan rana ba ya awa ɗaya ya jiƙe da gumi ya daskare da ƙurar siminti, sai ka gan shi a haɓa. Kuma ba a raba aikin gida biyu: in aka fara zubawa sai an kai inda injiniya ya ce a tsaya.

Duk da haka, dekin na yini ɗaya ne. Abin da ke faruwa kullum shi ne mota da makwanci. Lebura ya fito daga Masaka ko Madalla a cikin bas da aka danna mutane, gilas a rufe saboda ruwan sama. Wanda ba ya komawa gida kuma yana kwana a bacha, ko a wani ɗakin ginin da ba a gama ba, an toshe tagogi da buhunan siminti da kwali saboda sauro, tabarma na gogar tabarma, ana shan ruwa da kofi ɗaya, ana sa hannu a kwano ɗaya. In mutum ɗaya ya shigo da tari, nan ne zai raba shi.

Singafo ta nuna wannan ƙarara. A 2020, sama da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka kamu a ƙasar baƙin ma'aikata ne, da yawansu magina, kuma a gidajen kwanansu masu cunkoso cutar ta bi su. A Ingila ba a rufe wuraren gini ba, sharuɗɗa aka gindaya. Maƙwabciyarta Sikotlan ta tsayar da duk ginin da ba na gaggawa ba. Afirka ta Kudu ta rufe, sai 1 ga Yuni ta saki gaba ɗaya. Ko ƙasashen da ke da masana birjik bakinsu bai zo ɗaya ba.

A nan Abuja abin da kullen ya yi shi ne ya hana lebura tsayuwa a fili da rana, ya bar shi a bacha dare da rana.

Iyakar Mararaba

Taswirar gwamnati daban, taswirar aiki daban. Masu gina Maitama da Guzape da Jahi ba a can suke kwana ba. Da yawa suna Mararaba da Ado da Masaka, jihar Nasarawa ke nan, ko Suleja da Madalla, jihar Neja. Tsakanin Nyanya da Mararaba babu daji babu kogi, gida na manne da gida, amma a idon doka wanda ya tsallako ya yi tafiya daga jiha zuwa jiha. Don haka ko bayan 4 ga Mayu da aka ce sayit ya buɗe, mai aikin sayit ɗin yana bayan shinge har ƙarshen Yuni. Wata uku ke nan cur idan aka haɗa da kullen farko.

A shingen kuwa magana ɗaya ce.

"Ina za ka?"

"Sayit, yallaɓai."

"Ina katinka?"

Ma'aikacin babban kamfani zai zaro kati mai hoto. Lebura ba shi da abin nunawa sai shebur da diga da ya ɗaure da roba. Daga nan ko ya koma, ko ya sa hannu a aljihu, ko ya hau acaɓa ya bi ta bayan gari, ko ya tsinci kansa a gaban kotun tafi-da-gidanka da aka kafa domin masu karya dokar. Ga shi an rage yawan fasinja a mota, direbobi suka ɗora gibin a kan kuɗin mota. Mutumin da kuɗin yininsa bai kai na buhun siminti biyu ba, in ya cire mota da na shinge da abinci, wani lokaci zaman gida ya fi masa riba.

Maganar tsangwama ba ƙorafin baki ba ce kawai. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasar wajen tilasta bin dokar a makonni biyun farko, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a lokacin.

Lokacin ma bai yi wa 'yan ci-rani daɗi ba. Watannin Maris da Afrilu su ne na ƙarshen rani, lokacin da ɗan Katsina ko Zamfara ko Jigawa ke tara kuɗin taki da iri kafin ya koma gona. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. Ba aiki, ba hanyar gida. Wasu a bayan motocin kaya suka koma, a tsakanin buhuna.

Gini ba ya jiran doka

Mai shago zai iya sa kwaɗo ya dawo bayan wata guda ya tarar da kayansa yadda ya bari. Gini ba haka yake ba, musamman da kullen ya faɗo a bakin daminar Abuja.

Siminti yana shan danshi ko a cikin buhu. Bayan kamar wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, in kuma ɗakin ajiya na yoyo, sai ya dunƙule ya zama dutse. Ramin fandisho da aka haƙa ba a zuba ba, ruwa zai cika shi, gefensa ya zube, sai an sake haƙa. Katakon da kafinta ya kafa domin dekin zai sha ruwa ya sha rana ya lanƙwashe. Rodin da aka ɗaure aka bari zai yi tsatsa. 'Yar kaɗan ba ta da illa, amma in ta fara ɓarewa dole a kankare ta. Kankaren da aka zuba ana gobe kulle kuwa yana buƙatar ban-ruwa na aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Wa ya ba shi ruwan? Sai in maigadi mai tausayi ne kuma akwai ruwan a tanki. Ga ɓarayin rodi da waya da suka san babu kowa a wurin.

Wa ya biya?

A manyan kwangiloli akwai sharaɗin da ke magana kan abin da ya fi ƙarfin ɓangarorin biyu, kamar yaƙi ko ambaliya ko umarnin hukuma. Galibi abin da yake ba ɗan kwangila shi ne ƙarin lokaci, kada a ci shi tarar jinkiri. Ba kasafai yake ba shi ƙarin kuɗi ba. Hayar injina na tafiya, ruwan bashin banki na hawa, ga ofisoshin gwamnati da manyan ma'aikata kaɗai suka koma, su ma ba kullum ba, don haka takardar biya da ta amincewa da zanen gini suka yi ta kwana a kan tebur. Shi kuma sai ya tura asarar ƙasa, ga mai jinga, mai jinga ya tura wa yaransa.

Dokar Ƙwadago ta ce a sashe na 7 a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa. Sashe na 17 ya ce in ma'aikaci ya zo aiki lafiyarsa ƙalau aka kasa ba shi, a biya shi, sai dai in wata larura ce ta ɗan lokaci da ta fi ƙarfin mai aikin. Akwai kuma Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, inda mai aiki ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa. Duka waɗannan suna magana ne da mutumin da sunansa ke cikin wani littafi. Lebura da aka ɗauko da safe a bakin titin Gwarimpa aka sallame shi da yamma, littafin da sunansa ke ciki ɗaya ne: na bashin mai abincin sayit. Ita ma da aka rufe, da jarinta da bashin suka tafi tare, haka mai shayi, da ɗan garuwa, da masu loda tifa a wuraren fasa dutse na Mpape.

Gwamnati ta fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 a watan Yunin 2020, ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo. A ciki akwai tallafin naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu, da alƙawarin gina gidaje 300,000. Akwai kuma aikin wucin gadi na mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a kan naira 20,000 a wata na wata uku, wanda bai kankama ba sai Janairun 2021. Yunwar kuwa a watan Afrilu aka yi ta. Da matasa suka fasa rumbunan kayan tallafi a Gwagwalada da Bukuru da sauran wurare a watan Oktoba, aka ga abincin da ya kamata a ce an ci shi tun cikin azumi.

Tsadar siminti: korona ce kaɗai?

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna ɓangaren gine-gine ya ragu da kusan kashi 32 cikin ɗari a watanni uku na biyu na 2020, yayin da tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya ya ragu da kashi 6.1. Gini ya sha kashi fiye da yawancin sana'o'i. Amma ba kulle ne kaɗai ya yi wannan aika-aika ba. A watan Afrilu gangar ɗanyen mai ta faɗo ƙasa da dala 20. Kasafin kuɗin da aka tsara a kan dala 57 sai da aka sake shi a kan dala 28. Farashin dala na hukuma ya tashi daga wajen naira 306 zuwa 360 a watan Maris, ya kusa 380 kafin shekarar ta ƙare. Harajin kayayyaki ya riga ya hau daga kashi 5 zuwa 7.5 tun Fabrairu. Ko da ba a kulle kowa ba, gwamnati ce babbar mai ba da kwangila a Abuja, kuma aljihunta ya huje.

Buhun simintin da ake saya wajen naira 2,500 a farkon 2020 ya haura 3,000 kafin shekara ta zagayo. Da aka saki mutane kowa ya ruga ya cike gibin da ya yi, buƙata ta yi yawa a lokaci guda, ga kayan gyaran injina da ake saye da dala, ga kuɗin dakon tirela daga Obajana ko Okpella, ga kasuwar da kamfanoni ƙalilan ke riƙe da ita. Tayil da kayan famfo da na wayarin da ake shigowa da su daga China su ma sun yi jinkiri sun kuma yi tsada. Amma wanda ya ce korona ce ta kai siminti sama da naira 10,000 a farkon 2024 ya tsallake cire tallafin mai da sakin naira da aka yi a tsakiyar 2023.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare kullen suna da abin faɗa. A watan Maris na 2020 abin da ake gani a talabijin shi ne asibitocin arewacin Italiya sun cika sun batse. Ɗakunan gwajin cutar a Najeriya ba su kai goma ba. Babu rigakafi, sai 2 ga Maris na 2021 kashin farko ya sauka a Abuja. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, ga mace-macen da suka rikita Kano a wannan watan. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a lokacin ta fi ba da ƙarfi ga wanke hannu da goge wurare, sai daga baya ta fito sosai da maganar yaɗuwa ta iska. Sannan in ka bar magina su fita, ka bar bas da tifa da mai abinci da kasuwar Dei-Dei, kulle ya tashi daga aiki.

Masu suka kuma na cewa adadin da hukuma ta tabbatar sun mutu a duk faɗin ƙasar bai wuce dubu uku da 'yan kai ba, to me ya yi zafi? Wannan hujja tana da rauni, domin gwaji ya yi ƙaranci, kuma ba a san yadda adadin zai kasance ba da an bar komai sakaka.

Ni a ganina makonni biyun farko suna da uzuri. Inda aka yi sake shi ne daga nan gaba. An samu lokacin da za a bambanta aikin mutum uku a fili da zuba dekin na mutum hamsin, a kuma duba makwancin ma'aikata da motar da ke kawo su, ba a yi ba. Aka ci gaba da auna zafin goshi a bakin ƙofa, alhali mai ɗauke da cutar na iya yaɗa ta kafin zazzaɓi ya bayyana.

Idan ta sake faruwa

Ta fuskar doka, ba a yi nisa ba. Ƙudirin da kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kawo a 2020 domin maye gurbin dokar 1926 ya gamu da turjiya mai ƙarfi, mutane na ganin ya ba hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, iko fiye da kima. Ƙa'idojin da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2021, masu hukuncin tara ko ɗaurin wata shida, su ma a kan tsohuwar dokar aka ɗora su. Ba a kuma warware matsayin Mararaba da Suleja ba: duk dokar lafiyar da za a yi wa Abuja ba tare da an zauna da Nasarawa da Neja ba, a Nyanya da Zuba za ta maƙale.

Ƙungiyoyin birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi na unguwanni suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin mako, sun san ɗan wane ne ya zo daga wane gari. Rajista da kati mai hoto daga hannunsu ba abu ne mai tsada ba, kuma shi ne abin da aka nema aka rasa a shinge da wajen rabon tallafi.

Mai gini kuma, ko na ɗaki uku ne, ya daina yarjejeniyar baka da mai jinga. A rubuta wa zai ɗauki ƙarin kuɗin siminti da rodi in aiki ya tsaya da umarnin hukuma, wa zai biya maigadi da ruwan ban-ruwa, da kwana nawa za a ciyar da yaran da ke kwana a wurin. Wanda kuma zai sayi kangon da aka bari tun wancan lokaci ya ɗora masa bene, ya fara kiran injiniya ya gwada ƙarfin filoli da dekin, ya duba rodin da ya yi shekaru yana shan ruwa, kafin a sauke tifar yashi ta farko.